Tantabarun Malam da Tarin Hajiya

Shekara biyu da rabi mahaifiyata ta yi tana tari kafin wani ya tambaye mu ko akwai tsuntsaye a gidanmu. A tsawon wannan lokaci an gwada majinarta sau biyu ana neman tarin tibi, ba a ga komai ba. An ce asma ce, aka ba ta abin shaƙa. Mu kuma 'ya'yanta muka ɗora wa ƙurar hunturu laifi, da damina ta sauka tarin bai tafi ba muka koma kan hayaƙin itace, muka saya mata murhun gas. Daga ƙarshe muka ce tsufa ne. Matar da a da take taka ƙafa ta je gidan suna a wata unguwa ta dawo ba ta ko zauna a hanya ba, ta koma sai ta dafa bango tsakanin ɗakinta da madafa.

Ranar da muka kai ta wurin wani likitan ƙirji, ƙanwata ce ta yi wata magana a kan hanyar hira. Ta ce abin mamaki, lokacin da ta haihu Hajiya ta je Kaduna ta zauna da ita har aka yi arba'in, kuma a kwanakin nan tarin ya kusa ɗaukewa, amma mako guda da komawarta Zariya ya dawo. Likitan ya ajiye biro, ya juyo ya fuskanci Hajiya.

"Mama, kuna kiwon tsuntsaye a gida? Kaji, ko aku, ko tantabaru?"

Hajiya ta ce, "Tantabarun Malam dai. Ai ba kiwo ba ne, zaman gida muke yi da su."

Yadda suka zama 'yan gida

Mahaifinmu, Allah Ya ji ƙansa, ya fara da tantabaru huɗu tun kafin a haife ni. Ya rataya musu tsofaffin tukwane a jikin katangar baya, kuma kullum bayan sallar asuba sai ya ɗebo gero a ƙoƙo ya watsa a tsakar gida. Amma Malam makiyayi ne na gaskiya, ya san lissafin abinsa. Idan an yi baƙo, ko wata ta haihu a dangi, ko wani ya tashi daga jinya, sai a yanka 'yan shila a yi farfesu. Kashinsu kuwa duk mako ake sharewa a zuba a buhu a kai gona. Ban taɓa ganin sun wuce talatin ba.

Da ya rasu, Hajiya ta gaji ƙoƙon geron, ba ta gaji wuƙar ba. Ta ce ba za a yanka abin da Malam ya bari ba. Ta ƙara yawan geron, don a ganinta sadaka ce da ladarta ke isa gare shi. Tukwane suka cika, tantabaru suka nemi sabon masauki. Wata iskar farkon damina ta ɗaga katakon bakin rufi a kusurwar ɗakinta, ta bar kafa wadda hannu zai iya shiga, suka bi ta nan suka tare cikin silin. Ni ma na ba da tawa gudummawar ba tare da na sani ba: na sa aka kafa farantan sola a kan kwanon ɗakin nata, don ta huta da ɗaukewar wuta. Ratar da ke tsakanin faranti da kwano ta zama musu inuwa da mafaka daga shaho, ga ɗumi da dare.

Likitan ya yi mana bayanin abin da yake zargi, hoton ƙirji da gwajin numfashi suka ƙarfafa zarginsa. Cuta ce da likitoci suka daɗe da saninta a jikin masu kiwon tantabara, har sunanta a Turance ma'anarsa huhun mai kiwon tsuntsu. Babu ƙwayar cuta a cikinta. Gashin tantabara yana fitar da wata farar hoda mai laushi, kashinta kuma idan ya bushe yana zama ƙura. Wasu mutane garkuwar jikinsu takan ɗauki furotin da ke cikin wannan ƙura a matsayin abokin gaba, sai ƙananan jakunkunan iska na huhu su kumbura. Idan aka raba mutum da ƙurar da wuri yakan warware. Idan aka daɗe, kumburin yakan bar tabo, tabon huhu kuwa ba ya gogewa. Magani yana rage kumburi, amma babban maganin shi ne rabuwa da tsuntsayen baki ɗaya.

Ba wannan kaɗai ke cikin kashin tantabara ba. Tun shekarun 1950 masu bincike suka nuna cewa wani nau'in naman gwari mai suna kiriftokokus yana bunƙasa a cikin tsohon kashinta, kuma yana iya jawo sanƙarau ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai ɗauke da cutar ƙanjamau ko wanda aka yi wa dashen ƙoda. Akwai kuma zazzaɓin da ake kira na aku, wanda tantabaru ma kan ɗauke shi. Adalci ne a faɗi cewa mai cikakkiyar lafiya da ya wuce ta kusa da tantabaru a kasuwa ba shi cikin wani haɗari babba. Haɗarin yana inda kashi ya taru shekara da shekaru a rufaffen wuri, ya bushe, mutum kuma yana kwana a ƙarƙashinsa fanka tana juyawa.

Abubuwan da na gwada suka ci tura

Na tunkari lamarin irin na ɗan boko mai gaggawar komawa bakin aiki: ina neman abin da zan saya. Na fara da mujiyar roba mai manyan idanu, na sa aka ɗaure ta a kan rufi. Kwana uku tantabaru suna kewaye ta daga nesa. A mako na biyu ƙanena ya turo mini hoto ta WhatsApp, tantabara na zaune a kan mujiyar. Na rataya tsofaffin faifan CD, na sayi wata na'ura da aka ce tana fitar da sautin da ɗan Adam ba ya ji amma tsuntsu ba ya jurewa. Daga baya na gano cewa jin tantabara bai ma kai na mutum nisa ba a ɓangaren siririn sauti, wato na'urar tana ta ihu ne a inda babu mai jinta. Duk abin tsoratarwa da ba ya motsi kuma bai taɓa cutar da kowa ba, tsuntsu yakan saba da shi cikin kwanaki kaɗan.

Wani mai feshin maganin ƙwari ya ce mini, "Yallaɓai, wannan ai aikin kwana ɗaya ne. A jiƙa gero da magani, gobe da safe sai dai a kwashe." Na ƙi, kuma ba tausayi kaɗai ya hana ni ba. Tsuntsun da ya ci guba ba ya mutuwa inda aka zaɓa masa. Zai faɗa gidan maƙwabta kyanwa ta ci, ko shirwa ta sure shi, ko yaro ya tsince shi ya kai wa uwarsa a fige. Kajin unguwa ma ba su san geron da aka ware wa tantabara ba.

Sai na ɗauki hanyar da na ga ta fi sauƙi. Ranar da Hajiya ta je asibiti na sa yara suka kama kusan ashirin da dare ya yi, aka kai kasuwa. Kafin sati ya zagayo rabinsu sun dawo, domin tantabara tana gane gida daga nisan ɗaruruwan kilomita, abin da ya sa aka yi ta aika saƙo da ita har a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Gurbin waɗanda ba su dawo ba kuwa, hasbiyoyi da tantabarun maƙwabta suka cike shi.

A nan ne na zauna na yi karatun da ya kamata in fara da shi. Kakannin tantabarar gida tsuntsayen duwatsu ne, masu yin sheƙa a kogo da tsagin dutse. A idonta bene dutse ne, bakin taga da bayan na'urar sanyaya ɗaki da cikin silin duk tsagogi ne. Ƙwai biyu take sakawa, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 18 ko kusa da haka, 'yan shilan su tashi bayan kamar wata guda. Uwa da uba duka suna samar da wani abinci mai kama da madara a cikin maƙoshinsu, don haka ba sa jiran lokacin ƙwari kamar sauran tsuntsaye kafin su yi 'ya'ya. Muddin akwai abinci, ma'aurata biyu za su iya ƙyanƙyasa sau biyar ko shida a shekara. Ma'anar wannan lissafi ita ce yawan tantabaru a wuri yana bin yawan abinci da wurin sheƙa. Idan ka kashe rabi ka bar geron, ka ƙara wa sauran rabo ne kawai.

Birnin Basel na ƙasar Suwizalan ya koyi wannan darasi da tsada. Tsakanin 1961 da 1985 ma'aikatan birnin sun kashe tantabaru kimanin 100,000 ta hanyar harbi da tarko, amma yawansu bai ragu ba. A 1988 wani masanin halittu na jami'ar birnin, Daniel Haag-Wackernagel, ya jagoranci wani shiri na daban: aka dage wajen wayar da kan jama'a su daina ciyar da tantabaru a titi, aka gina 'yan ɗakunan tantabara da ake kula da su ana rage ƙwai. Cikin shekara huɗu ko biyar yawansu ya ragu da kusan rabi. Landan ta bi irin wannan hanya a dandalin Trafalgar, inda aka fara da hana sayar da tsabar ciyarwa, sannan a 2003 aka haramta ciyarwar. Benis ta yi haka a dandalin San Marko a 2008. Can kuma a ƙasar Sin, yaƙin da aka ƙaddamar a 1958 na kawar da gwarare saboda suna cin hatsi ya ƙare da bunƙasar fara da sauran ƙwarin da gwararen ke cinyewa, har aka cire su daga jerin abokan gaba a 1960. Hausawa sun riga sun taƙaita maganar: in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Maganar da ta fi aikin kafinta wuya

Daddawar gidanmu kuwa tana hannun Hajiya. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Na samu ƙanwar mahaifinmu, Gwaggo, na roƙe ta ta zauna tare da mu.

Na ce, "Hajiya, likita ya ce matuƙar tantabarun nan suna gidan nan, maganin ba zai yi aiki ba."

Ta yi shiru, ta dubi Gwaggo maimakon ni. "Ki gaya masa, tsuntsun da ya yi sheƙa a bakin kogo ranar hijira ba a korarsa. A Harami ma na gan su da idona, babu mai ɗaga musu hannu."

Ban yi mata musu ba, don na san abin da take karewa ya wuce labarin kogo. Shekara arba'in ta yi tana jin kukan tantabaru da sassafe tare da tarin muryar Malam yana dawowa daga masallaci. Ɗaya ya tafi, ni kuma na zo in ɗauke ɗayan.

Gwaggo ce ta warware. Ta ce, "Yaya, tsakaninki da Allah, Malam ya taɓa barinsu suka kwana a kan ɗakinki? Ai shi yana yanka, yana shara, yana kai taki gona. Abin da ke cikin silin ɗin nan ba kiwon Malam ba ne. In kina son ki riƙe masa amana, ki mayar da su inda za a kiwata su yadda yake yi."

Hajiya ta gindaya sharaɗi biyu. Ba guba, kuma ba za a toshe kafa alhali akwai 'yan shila a ciki ba. Ta kawo hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ga tsuntsuwa tana shawagi cikin damuwa saboda an ɗauke mata 'ya'ya, ya yi umarni a mayar mata da su. Daga baya na ga cewa sharaɗinta na biyu shi ne abin da duk ƙwararre a wannan aiki zai faɗa: tsuntsun da aka rufe a silin mutuwa zai yi, ya ruɓe, ƙwarin jikinsa su sauko cikin ɗaki neman wani jinin.

Abin da ya yi aiki

Mun fara da mayar da Hajiya Kaduna na wata biyu, don ba a tayar da irin wannan ƙura mai ciwo yana gida. Sannan muka bi abin daki-daki.

Na farko abinci da ruwa. Aka daina watsa gero. Masu surfe da sheƙa suka koma tattara dusa da tsaki nan take, aka daina zubar da ragowar tuwo a bakin rariya, buhunan hatsi suka koma cikin durom mai murfi. Muka gano tankin ruwan sama ba shi da murfi tun bara, tantabaru na sha suna kashi a bakinsa, mu kuma muna alwala da shi. Aka wanke, aka rufe.

Na biyu raba tsuntsayen. Tunda manya komawa suke yi duk inda aka kai su, 'yan shilan da ba su fara tashi ba su muka kai gonar ɗan'uwan Malam a ƙauye, inda aka gina musu ɗaki nesa da wurin kwana. Tantabara takan ɗauki wurin da ta fara tashi a matsayin gida. Manyan kuwa Hajiya da bakinta ta ce a yanka a raba wa masu jego da marasa lafiya na unguwa, sadaka ga Malam. Mun ɗauki mako uku muna kwashe sababbin ƙwai kullum har muka tabbata babu sheƙa mai rai.

Na uku shara. Da kafinta ya ɓalle silin ɗakin Hajiya, abin da ya zubo ya cika buhu bakwai. An ƙiyasta cewa tantabara ɗaya tana yin kashin da ya kai kilo 10 zuwa 12 a shekara, sai mai karatu ya lissafa na garke guda. Ƙa'idar wannan aiki ita ce kada a share shi a bushe. Ana fara yayyafa ruwa da sabulu har ya jiƙe, a kwashe da shebur, a ɗaure bakin buhu. Masu aikin suka sa takunkumi mai tace ƙura irin N95 da safar hannu, don ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan ƙurar. Sun yi mini dariya da farko, sai da na ce ba zan biya wanda ya cire ba. Kashin ya ci kwanon a wurare biyu, ya kuma toshe indararo, abin da ya bayyana mana dalilin damshin da muka daɗe muna gani a bango.

Na huɗu toshe kafa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aka gyara katakon bakin rufi, aka sa ragar ƙarfe a duk tagogin iska. Girman idon raga yana da muhimmanci: mai faɗin milimita 50 tana tare tantabara, amma gwara sai mai milimita 19. Farantan sola aka kewaye gefensu da raga wadda ake maƙalawa ba tare da an huda firam ɗin ba, iska tana wucewa tsuntsu ba ya shiga. Da aka wanke farantan, cajin batir ya ƙaru a fili, domin ɗigon kashi a kan ɓangare ɗaya yana rage ƙarfin layin da yake ciki, har yakan sa wurin ya yi zafi ya lalace. Kan katanga da saman tagogi inda suke sauka, birkila ya yi musu gangare da siminti, don tantabara ba ta iya zama a kan gangaren da ya kai digiri 45.

Duk kuɗin raga da siminti da ladan ma'aikata bai kai abin da muka kashe a gwaje-gwaje da magunguna cikin wata shida ba.

Tun daga lokacin idona ya buɗe. Ina shiga ma'aikata sai in ga fararen layuka suna gangarowa daga bayan na'urorin sanyaya ɗaki. Ina ganin masallatai masu ƙubba da tagogin sama a buɗe, da makarantun kwana da silin ɗinsu ya yi ciki, da shagunan hatsi da tsaba ke zube a ƙofa. Sababbin benayenmu cike suke da ado na lungu da saƙo wanda mai zanen bai tambayi kansa wa zai zauna a ciki ba. Raga a lokacin gini kuɗinta kaɗan ne. Ga abokaina likitoci kuma ina da roƙo ɗaya: idan tari ya ƙi jin magani kuma gwajin tibi bai nuna komai ba, a tambayi mara lafiya abin da ke kwana a saman ɗakinsa. Mu babu wanda ya ɓoye tantabarun, ba a dai tambaye mu ba, mu kuma ba mu ɗauke su abin faɗa ba.

Hajiya ta samu sauƙi, amma ba duka ba. Tarin dare ya tafi, tana zuwa madafa ba ta dafa bango, sai dai likita ya nuna mini tabon da ya riga ya zauna a ƙasan huhunta, ya ce da shi za ta rayu. Nakan yi lissafin shekara biyu da rabin nan, da farantan da na kafa mata da hannuna a kan ɗaki, in rasa inda zan ajiye lissafin.

Likita ya hana ta zuwa kusa da ɗakin tantabarun na ƙauye, ta kuma kiyaye. Amma duk ƙarshen wata takan auna gero mudu biyu da ƙoƙon Malam, ta ƙulle a leda, ta ba direban motar ƙauyen. Idan ɗan'uwan Malam ya zo gaisuwa, bayan an tambayi iyali da gona, sai ta tambaye shi nawa suka zama. Ranar da ya ce mata sun kai arba'in, ta ce, "Sun yi yawa. Malam ba ya barinsu su wuce talatin. A yanka goma a kai wa masu jego."